Idan Aure Ya Mutu: Yadda Ake Bin Haƙƙi Kan Saki, Riƙon 'Ya'ya da Ciyarwa

Yawancin matan da suke rasa haƙƙinsu bayan mutuwar aure a Arewacin Najeriya, tun kafin a je gaban alƙali suke rasa shi. Takardar saki ta ɓata ko an yaga ta cikin fushi. An kwashe kayan ɗaki da daddare babu mai shaida. An shekara biyu uwa tana ciyar da yara da guminta ba ta kai ƙara ba. Ko kuma a zaman sulhu ta ce "na yarda" alhali ba ta san abin da ta yafe ba. Shari'a ta tanadar mata da 'ya'yanta abubuwa da yawa, amma alƙali da hujja yake aiki, kuma abin da aka nema a gabansa shi kaɗai yake yanke hukunci a kai. Saboda haka za mu fi yin magana da ke, 'yar'uwa, ko da yake uban da yake son ya sauke nauyin da ke kansa shi ma zai sami abin amfani a nan.

Wane irin aure aka ɗaura?

Wannan tambaya ita ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Auren da aka ɗaura a Musulunce, da waliyyi da shaidu da sadaki, Kotun Shari'ar Musulunci ce take sauraron maganarsa a jihohi irin su Kano, Katsina, Zamfara, Sakkwato, Jigawa da Kaduna. A Abuja da wasu jihohin kuma kotun yanki ce take wannan aiki. Alƙalan waɗannan kotuna da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, daga littattafan da aka sani a zaurukan karatu: Risala, Muhtasar da Tuhfa. Auren da aka yi a ofishin rajistar aure ko a cocin da gwamnati ta ba lasisi kuwa, Babbar Kotu ce kaɗai ke da hurumin raba shi, kuma za mu zo kansa a ƙarshe. Auren gargajiya yana zuwa kotun gargajiya ko ta yanki. Wanda ya kai ƙara kotun da ba ta da hurumi, ko ya yi nasara, hukuncin zai rushe a ɗaukaka ƙara, kuɗi da watanni sun tafi a banza.

Abin da za ki yi a makon farko

Ki adana takardar saki kamar yadda ake adana takardar gida. Ki yi mata kwafi biyu ko uku, ki ɗauki hotonta da waya, ki ba mahaifinki ko waliyyinki ainihin takardar ya ajiye. Ki duba ko akwai kwanan wata, da adadin sakin, da sa hannu. In ta waya ya turo, saƙon rubutu ne ko na murya, kada ki goge, kada kuma ki canza wayar sai kin tura saƙon wani wuri. In da baki ya furta, ki tuna waɗanda suke wurin, ki sa manya su kira shi ya maimaita a gabansu. Dalili shi ne a Malikiyya saki yana tabbata ne da iƙirarin miji ko da shaidar maza biyu adilai. Mazaje da yawa bayan zuciya ta huce sukan ce "ni ban sake ta ba" ko "ɗaya na yi, ba uku ba", daga nan sai mace ta zauna ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba.

Ki rubuta ranar da aka yi sakin da halin da kike ciki a ranar: tsarki, al'ada ko ciki. Da wannan ake lissafin idda. Mai al'ada tsarki uku take ƙirgawa, wadda ba ta fara ba ko ta daina wata uku, mai ciki kuma sai ta haihu. Wadda aka saka kafin tarewa da saduwa babu idda a kanta, kuma rabin sadakin da aka ambata nata ne.

Al'ada ta saba da cewa da an miƙa takarda mace take yafa mayafi ta nufi gidansu. Ayar farko ta Suratu Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta lokacin idda, ta hana ita ma ta fita. In saki ɗaya ne ko biyu, wanda ake iya kome, ci da sha da tufafi da wurin kwana duk suna kan miji har idda ta cika. In saki uku ne ko hul'i (wato mace ta fanshi kanta da dukiya), wurin zama ne kawai haƙƙinta, sai dai in tana da ciki, to ciyarwa ta wajaba har ta sauka. Amma in akwai duka ko barazana ga rai, kada ki zauna don kare wani haƙƙi. Ki fita da yaranki, ki je asibitin gwamnati a duba ki a rubuta rahoto a ranar, a ɗauki hoton raunin, a sanar da 'yan sanda da mai unguwa. Rahoton likita na ranar da abin ya faru ya fi na bayan mako biyu ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kayan ɗaki kuma a kwashe su da rana, a gaban wakilin kowane ɓangare da mai unguwa ko limami, a rubuta su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu. Idan aka yi jayayya a kan wani kaya babu shaida, ƙa'idar ita ce abin da aka saba na mata ne a bar wa matar bayan ta rantse, abin da aka saba na maza ne a bar wa mijin bayan ya rantse. Firji, talabijin da janareta su ne suka fi jawo rigima, don haka rasit ɗin sayensu yana da daraja. Ki haɗa da takardun haihuwar yara na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafi, katin asibiti da rasit na makaranta.

Inda ake samun taimako ba da tsada ba

Matakin farko a gida yake: waliyyai, dattawan dangi, limami, mai unguwa. Daga nan sai Hisba a jihohin da take, kamar Kano inda doka ta kafa hukumar a 2003. Hisba tana kiran miji, tana sulhu, tana sa a rubuta alƙawari, kuma sau da yawa a nan magana take ƙarewa. Sai dai ba ta raba aure, kuma takardar da aka rubuta a can ba hukuncin kotu ba ce. 'Yan sanda ma haka: duka da barazana aikinsu ne, saki da riƙon yara ba nasu ba ne.

Hukumar Ba da Taimakon Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 kuma take aiki da dokar 2011, tana da ofis a babban birnin kowace jiha. An yi ta ne don wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a wata tun 2024. Suna ba da shawara, suna zaman sasantawa, suna kuma nuna inda za a je in maganar ta fi ƙarfin huruminsu. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da rassa a jihohi, kuma shari'ar mata da yara ita ce asalin aikinta. Akwai ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, wadda ta daɗe tana aiki a kan haƙƙin mata a dokokin iyali na Musulunci. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda take karɓar koke kan uban da ya yi watsi da 'ya'yansa. Akwai sashen jin daɗin jama'a na Ma'aikatar Mata. Tsangayoyin shari'a na jami'o'i kamar Ahmadu Bello a Zariya, Bayero a Kano da ta Maiduguri suna da ofishin da ɗalibai ke ba da shawara kyauta ƙarƙashin kulawar malamansu.

Ba dole ne sai da lauya ake shiga Kotun Shari'ar Musulunci ba. Kina iya tsayawa da kanki, kina iya naɗa wakili, kamar mahaifinki ko yayanki. Shawararmu ita ce a nemi lauya a wurare uku: in mijin ya zo da nasa, in ana jayayya a kan yara ko gida ko dukiya mai yawa, da in za a ɗaukaka ƙara. A tambaye shi kai tsaye ko ya saba tsayawa a kotun Musulunci, domin gwanin shari'ar filaye ba lallai ne ya san sharuɗɗan riƙo ba. A yi maganar kuɗi tun farko a rubuce: jimla ce ko kowane zama, kuma wa zai biya kuɗin mota da na takardu. A kiyayi masu tsayawa a bakin kotu suna cewa sun san alƙali. Duk kuɗin da aka biya a kotu a karɓi rasit.

Idan ke ce kike neman rabuwa

Hanyoyi biyu ne manya, kuma bambancinsu kuɗi ne da haƙƙi, don haka kada a yi gaggawar zaɓe.

Ta farko ita ce alƙali ya raba auren saboda wani dalili da shari'a ta amince da shi, ba tare da kin mayar da ko sisi ba. Cutarwa tana kan gaba: duka, zagi mai muni, zagin iyaye, ƙaurace wa shimfiɗa ko daina magana ba dalili. Ana tabbatar da ita da shaidu, kuma Malikiyya ta yi sauƙi a nan, domin ta karɓi shaidar ji, wato maƙwabta su shaida cewa magana ta bazu a unguwa cewa wane yana cutar da matarsa. In an yi ta kawo ƙara hujja ba ta fito ba, alƙali yana naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta faɗa, kuma suna da ikon su daidaita ko su raba. Rashin ciyarwa ma dalili ne: alƙali zai ɗiba wa miji wa'adi, in ya kasa a raba, sai dai wannan sakin ana iya kome a cikinsa in ya sami hali kafin idda ta cika. Wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba ana ba shi wata 4. Mai rashin ƙarfin saduwa ana ba shi shekara 1 ya nemi magani. Wanda ya ɓace ba a san inda yake ba, ana jiran shekara 4 daga ranar da aka kai ƙara aka bincika, in ya bar abin ciyarwa. In bai bari ba, ta ƙofar rashin ciyarwa ake bi, kuma ta fi gajarta ƙwarai.

Ta biyu ita ce hul'i, wato fansar kai. Wannan ta wadda ba ta da wani laifin da za ta ɗora wa miji ce, zaman ne kawai ya gagara. Asalinsa matar sahabi Sabitu ɗan Ƙaisu da aka umarta ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki. Hul'i saki ne yankakke, babu kome sai da sabon ɗaurin aure da yardarta.

Ga inda ake yin kuskure. Mace tana shan duka, ta gaji, ta shiga kotu ta ce "ni dai a raba mu, ko nawa ne zan biya". Da wannan kalma ta mayar da shari'ar cutarwa ta zama hul'i, ta ɗora wa kanta bashi. In akwai cutarwa, ita ake fara gabatarwa da shaidunta, a ajiye hul'i a matsayin mafita ta biyu. Ko bayan an biya, in aka tabbatar cewa cutarwa ce ta tura ta fansar kanta, shari'a ta ba ta damar karɓo kuɗinta, sakin kuma yana nan. Sannan a lura da abin da miji zai lissafo. Wasu sukan zo da doguwar takarda: lefe, kayan na-gani-ina-so, kuɗin ɗinki, har da abincin biki. Malikiyya ta halatta fansa da daidai sadaki, ko ƙasa da shi, ko sama da shi, amma da yardar juna. Ba dole ne ki amsa duk abin da aka karanto ba. Ki faɗi sadakinki, ki kawo wanda ya karɓa, ki roƙi alƙali ya duba shekarun da aka yi tare da 'ya'yan da aka haifa.

Mafi haɗari shi ne sharaɗin da ake saƙalawa a ƙarshe: "na yarda, amma ta bar mini yarana", ko "amma ita za ta ciyar da jaririn har yaye". Irin wannan sharaɗi yana iya ɗaure ki in kika amsa shi a gaban kotu. Kada ki amsa a tsaye cikin kuka. Ki nemi a ɗage zaman ki yi shawara.

Yadda shari'ar take tafiya

Ana farawa daga ofishin rajistara. Za ki faɗi sunanki, sunan wanda kike ƙara, adireshinsa na gaskiya da abin da kike nema, ki biya kuɗin shigar da ƙara, a ba da rana, a aika masa da sammaci. Shari'u da yawa a nan suke tsayawa, saboda adireshi bai fito ba ko mutumin yana ɓuya. Ki ba masinjan kotu kwatancen gida, wurin aiki ko rumfar kasuwa da lokacin da ake samunsa. In ya ci gaba da ɓuya, ki roƙi kotu ta ba da izinin a bi ta hannun mai unguwa ko a liƙa sammacin a ƙofar gidansa.

Ranar zama, alƙali zai ce ki faɗi da'awarki. Kowace buƙata a faɗe ta daban, da adadinta: tabbatar da saki da ranarsa, ragowar sadaki in akwai, ciyarwar idda, bashin ciyarwar baya, kayan ɗaki, riƙon yara da sunayensu da shekarunsu, ciyarwarsu a wata, kuɗin makaranta, magani, haya, ladan shayarwa. "Ina neman haƙƙina" ba da'awa ba ce. Ki rubuta su a takarda tun daga gida, ki tabbata an shigar da kowace a littafin kotu. Kyautar sallama da Alƙur'ani ya ambata ga wadda aka saka, a Malikiyya abin so ce ba a tilasta ta, amma babu laifi a tuna wa miji ita a zaman sulhu.

In ya amsa, magana ta ƙare. In ya musa, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu. A maganar kuɗi ana karɓar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya haɗe da rantsuwarki. A zaɓi shaidun da ba za a soke su ba: shaidar uba ko uwa ga 'yarsu ba ta tsayawa, haka ta wanda yake da sananniyar gaba da mijin. Maƙwabci, abokin mijin, limami ko wanda ya taɓa shiga tsakani sun fi. Kafin yanke hukunci dole alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana ko hujja. In an tambaye ki kuma kina da shaidan da bai zo ba, a nan za ki faɗa. Rashin yin i'izari yana cikin dalilan da suka fi rushe hukunci a kotun sama.

Kada ki yi fashin zama. In mai ƙara ba ta zo ba ana iya korar ƙarar. In rashin lafiya ce, a aika wakili da takardar asibiti.

Riƙon 'ya'ya

A nan al'ada ta fi yin nisa da shari'a. Abin da aka saba shi ne da an yaye yaro, ko ya kai shekara bakwai, sai uba ya aiko a ɗauke shi. A Malikiyya uwa ce ta fi kowa cancantar riƙo: ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasa riƙo, ba uba ne ke biye da ita ba. Kakar yara ta wajen uwa ce, sai kakar uwar, sai 'yar'uwar uwa, ana bin dangin uwa mata, sannan kaka ta wajen uba, kafin a zo kan uban kansa. Namijin da zai karɓi riƙo ma sai yana da macen da za ta kula da yaran a gidansa.

Wannan bai cire uba daga rayuwar 'ya'yansa ba. Shi ne waliyyi: tarbiyya, karatu da aurarwa suna hannunsa, yana da haƙƙin ganinsu, su je wurinsa da rana su dawo su kwana wurin mai riƙo. Uwar da take hana uba ganin 'ya'yansa tana cutar da yaran, tana kuma ba shi abin faɗa a kotu. Gara a roƙi alƙali ya rubuta ranakun ziyara, hutun makaranta da na salla, da wanda zai kai da wanda zai ɗauko.

Ana rasa riƙo da taɓin hankali, rashin amana, cuta mai yaɗuwa mai tsanani, gazawar kula da yaro ko zama a wurin da ba shi da tsaro. Wanda ya yi zargin shi zai kawo hujja. Sai manyan dalilai biyu da ya kamata kowace uwa ta sani. Na farko sabon aure: in ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, riƙo ya koma ga mai biye mata, wadda galibi mahaifiyarta ce. Akwai togaciya: in mai haƙƙin karɓa ya san da auren ya yi shiru har shekara guda, ko jaririn ya ƙi karɓar nonon kowa sai nata, yaro yana nan wurinta. Don haka mai shirin sabon aure ta fara zama da mahaifiyarta a shirya komawar riƙo hannunta, in da hali a rubuta a kotu. Na biyu ƙaura: in uba ko mai riƙo zai tashi ya koma wani gari da zama, nisan da ya kai kimanin mil 72, uba yana da damar karɓar yaron, matuƙar hanya da garin suna da aminci. Tafiyar fatauci ko ziyara ba ta shiga ciki.

Abu ɗaya kuma da yake ƙona mata da yawa: wadda ta ajiye yara don fushi ta ce "ga 'ya'yanka nan", ba tare da uzuri ba, in ta dawo daga baya tana nema ba lallai ne a mayar mata ba. Wadda rashin lafiya ko wata larura ta tilasta wa, ita riƙonta yana dawowa in larurar ta gushe. In an ƙwace miki yara da ƙarfi, kada a tara 'yan'uwa a je ƙwato su. A shigar da ƙara cikin kwanaki, a roƙi umarnin wucin gadi na a dawo da su kafin a gama shari'a, musamman in akwai mai shan nono. Duk watan da ya wuce yara suna can sun shiga sabuwar makaranta, hujjar "sun riga sun saba" tana ƙara ƙarfi, domin kotuna suna duba maslahar yaro, kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da takwarorinta na jihohi sun sa wannan maslaha a gaba da komai.

Ciyarwa: a zo da lissafi

Ciyar da 'ya'ya wajibin uba ne ko suna hannun wa, ko da uwar tana da albashi ko sana'a. Namiji har ya balaga yana iya nema, mace har ta tare a gidan miji. Ya ƙunshi abinci, sutura, magani, karatu da kason yara na kuɗin haya gwargwadon yadda alƙali ya gani. Mai riƙo ce take karɓa a hannunta. Uba ba shi da ikon cewa a riƙa turo su su ci a gidansa a madadin haka. Wadda aurenta ya yanke kuma tana shayarwa tana da ladan shayarwa daban, har yaro ya cika shekara 2.

Alƙali yana auna buƙatar yara da ƙarfin uba. Ki zauna da biro da takarda ki fitar da abin da ake kashewa a wata: kwano nawa na masara, shinkafa da wake, mai, cefane, gawayi ko gas, sabulu, kuɗin tara, kuɗin mota zuwa makaranta. Na zango daban: kuɗin boko, na Islamiyya, littattafai, kayan makaranta. Na shekara daban: haya da kayan salla. Sannan ki kawo abin da ke nuna ƙarfinsa: inda yake aiki, shagonsa, motar haya, gonarsa. Tunda farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana da kyau a roƙi a yanka hatsi da kwano ko buhu, sauran da kuɗi, kuɗin makaranta kuma ya biya kai tsaye ya kawo rasit. In adadin ya daina isa, ana komawa kotu a nemi ƙari. Shi ma uba in karayar arziki ta same shi, ya koma kotu ya nemi ragi, kada ya yanke biya da kansa.

Jinkiri a nan asara ce tsantsa. Ciyarwar mata da miji mai hali ya ƙi yi tana zama bashi a kansa. Ta 'ya'ya kuwa tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai in alƙali ya riga ya yanka ta, ko wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi ba don kyauta ba. Uwar da ta yi shiru shekara uku za ta sha wuya kafin ta karɓo na baya. Ki kai ƙara da wuri. Kafin a yanke, ki faɗa a gaban shaidu biyu cewa abin da kike kashewa bashi ne a kan ubansu, ki riƙa rubutawa a littafi da kwanan wata kina tara rasit. Haka wadda mijinta ya yi tafiya ya bar ta ba komai: daga ranar da ta kai kuka gaban alƙali ake karɓar maganarta cewa bai aiko ba.

Bayan an yanke hukunci

Ki nemi kwafin hukunci mai hatimin kotu, da takardar shaidar rabuwar aure, wadda za a buƙata ranar sabon ɗaurin aure. Ki karanta, ko a karanta miki, ki ga adadin kuɗi, ranar biya da hanyar biya sun fito. Biya ta asusun banki ko ta hannun rajistara ya fi na hannu da hannu, domin yana barin shaida ga kowane ɓangare. In sulhu aka yi a gida ko a Hisba, a kai takardar kotu ta mayar da ita hukunci.

In ya daina biya, a koma kotun da ta yi hukuncin da kwafin da lissafin watannin da ake bi, a nemi aiwatarwa. Kotu tana iya kiransa ya yi bayani, ta sa a kama kadararsa a sayar, ta bi kuɗinsa da ke banki, ko ta tsare mai hali da ya ƙi biya da gangan. Kada a bari bashin ya taru ya yi shekara. A koma tun wata na biyu.

Wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. Daga ƙaramar kotu ana zuwa Babbar Kotun Shari'a, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin aure, riƙo da ciyarwa, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sai Kotun Ƙoli. In wa'adin ya wuce sai an nemi izini da dalili mai ƙarfi. Ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta dakatar da hukunci, don haka uba zai ci gaba da biya sai in kotu ta ba da umarnin tsayarwa.

Masu auren rajista

Dokar shari'un aure ta 1970 ita ke aiki, a Babbar Kotu, kuma a nan lauya kusan dole ne saboda yawan takardu. Dalili ɗaya doka ta sani, wato auren ya lalace ba gyara, ana kuma tabbatar da shi da abubuwa kamar zina da ta sa zaman ya gagara, halin da ba za a iya jurewa ba, gudun shekara 1, zaman rabe na shekara 2 in ɗayan bai ƙi ba, ko na shekara 3 ko ya ƙi. Ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu, ban da 'yan wurare da doka ta keɓe. Riƙo ana yanke shi ne bisa maslahar yaro, babu fifikon uwa ko uba a rubuce, kuma ciyarwa tana iya kaiwa har yaro ya cika shekara 21. A sa buƙatar riƙo, ciyarwa da rabon kadara a cikin takardar ƙarar tun farko. Hukuncin farko na wucin gadi ne, yana zama tabbatacce bayan wata 3, kuma wanda ya ɗaura sabon aure kafin wannan lokaci ya cika, a idon doka aurensa na farko yana nan bai mutu ba.